Kundin aikina a kan kumburin jakar hanji, Jidda

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta fito ranar Alhamis, don haka daga yau aikin ya bar kan takarda ya koma ɗakin gwaji. Zan riƙa rubuta halin da ake ciki a nan, musamman saboda ƙannena masu karatun likitanci da kimiyyar gwaje-gwaje a gida, waɗanda ke yawan tambayata me nake yi da hanjin mutane a Jidda.

Akwai ciwon gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira alsaratif kolaitis. Garkuwar jikin mutum ce ke far wa fatar cikin babban hanjinsa, daga dubura zuwa sama, sai zawo da jini da majina. A gida sau da yawa atini ake ɗaukarsa, a yi ta shan magani shekara da shekaru. Idan magunguna suka gaza, ko aka hango alamun daji, sai a cire babban hanjin ɗungurungum. A da, wanda aka yi wa haka da leda manne a cikinsa zai ƙare rayuwa. A 1978 Alan Parks da John Nicholls na asibitin St Mark's da ke Landan suka bayyana wata dabara: a naɗe ƙarshen ƙaramin hanji a ɗinka jaka da shi, a haɗa ta da dubura, mutum ya ci gaba da zagayawa ta hanyar da Allah ya yi masa. A 1980 Utsunomiya na Japan ya kawo ɗinki mai siffar harafin J, kuma shi ne aka fi yi a yau.

Sai dai kusan rabin masu wannan ciwo da aka yi wa jaka, wata rana jakar kan kumbura. Zawo ya dawo, murɗar ciki ta dawo, mutum ya kasa riƙe bayan gida. Abin da ya ja ni cikin aikin shi ne, ƙaramin hanjin da aka ɗinka jakar da shi lafiyarsa ƙalau kafin tiyata. Kuma akwai masu cutar gado ta tsiro a hanji, wadda ake taƙaita sunanta da FAP, su ma irin wannan jakar ake yi musu, hannu ɗaya ɗinki ɗaya, amma da wuya tasu ta kumbura. Na uku, kumburin ba ya cika bayyana sai bayan an rufe ƙofar wucin gadi da ake buɗewa a ciki don kashi ya bi ta nan kafin ɗinkin ya warke, kashi ya fara bi ta cikin jakar. Ke nan akwai abin da jikin mai ciwon ya zo da shi, akwai kuma abin da bakteriya ke kawowa. Aikina shi ne in auna saƙonnin da ƙwayoyin gado ke aikawa a fatar jakar, in ga waɗanne ne ke tashi.

Talata, 14 ga Janairu

An tura odar kayan aiki. Kwalin ciro RNA (wato saƙonnin ƙwayoyin gadon da nake son aunawa) na samfur hamsin, da kayan mayar da shi cDNA, kwafinsa da na'ura ke iya ƙirgawa, da ruwan SYBR mai haskawa a lokacin ƙirgar, da firamomi, 'yan guntayen DNA masu kamo saƙon da ake nema, duka sun tasam ma riyal dubu bakwai, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka ware mini. Na lika lambobi a bututai. Ba a rubuta sunan kowa a jikin samfur, lamba kawai.

Lahadi, 19 ga Janairu

Samfuran farko sun shigo. Ranar Lahadi da Laraba ake leƙa jaka da na'ura a asibitin da muke aiki tare, likita ya gutsuro ɗan nama da bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, daga jikin jakar da kuma hanjin da ke samanta.

Cikin waɗanda suka zo har da wata dattijuwa daga Makka, tare da 'yarta. Nas tana karanta mata takardar amincewa da Larabci, sai na ji ta juya ta ce wa 'yar, "Ke, tambaye ta ko za su sake yanka ni ne." Na matsa na ce, "Hajiya, ina kwana? Ba yanka ba ne." Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ke ta ina ce?" A Makka aka haife ta. Kakanninta ne suka taso da ƙafa, suka yi shekaru a Sudan suna noma kafin su ƙetare teku. Larabcinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma maganar ciwo da Hausa take son a yi mata.

Na bi takardar da ita layi-layi. Da muka zo kan tambayar sau nawa take zagayawa, ta yi shiru, sannan ta ce ba yawan ne ya dame ta ba. "Alwalata ce ba ta tsayawa, 'yata. Ina zaune a kusa da Harami, amma na fi wata uku ban shiga ba." Ma'aunin da muke amfani da shi, wanda aka fitar a asibitin Mayo Clinic na Amurka a 1994 don auna kumburin jaka, maki 18 ne: shida na alamomin da mara lafiya ke ji, shida na abin da na'ura ta gani, shida na abin da aka gani a madubin likita. Daga bakwai zuwa sama kumburi ne. Akwai gurbin yawan zagayawa, da jini, da matsuwa, da zazzaɓi, amma babu inda zan rubuta abin da ta faɗa mini. Na rubuta shi a littafina. Na kuma roƙe ta ta tuntuɓi malami, don shari'a ta yi sauƙi ga mai lalurar da ba ta yankewa.

Ta ambaci cewa tana shan maganin ciwon gwiwa kullum. Na duba kwalin, diklofenak ne. Irin waɗannan magunguna suna cikin abubuwan da aka sani suna tsokano kumburin jaka, na sanar da likitanta nan take.

Laraba, 22 ga Janairu

Mutum huɗu yau, uku sun amince. Kayan oda sun iso ban da firamomi.

Talata, 28 ga Janairu

Rana mara daɗi. Na ciro RNA daga rukunin farko, na auna tsabtarsa, ma'aunin tsabtar ya tsaya kusa da 2.0, yadda ake so. Da aka kai na'urar da ke duba ko zaren RNA ɗin yana nan da tsawonsa, sai labari ya sha bamban. Ma'aunin daga 1 zuwa 10 ne, ana son bakwai ko fiye. Samfuran ranar Laraba duk ƙasa da huɗu suka bayar, sun ragargaje. Na ranar Lahadi kuwa lafiya lau.

Na koma ɗakin leƙa hanji na bi sawu. Ashe ranar Laraba ruwan adana RNA da na ajiye musu yana cikin firjin da aka kulle, mai makullin kuma ba ta nan, sai aka zuba naman a ruwan gishiri aka bari a kan tebur har aka tashi aiki. Da kyakkyawar niyya aka yi, ba wanda ya gaya wa masu aikin ranar cewa RNA ba ya jira. Nama na barin jiki, sinadaran da ke cikinsa masu narkar da RNA suke kama aiki, hanji kuma yana cikin sassan da suka fi yawan su.

Abin da ya fi ci mini rai, ba zan iya kiran mutanen nan uku su dawo ba. Sun yi shiri, sun kwanta an zura musu na'ura, sun yarda a ɗauki ƙarin nama saboda bincike. Ba a sake yi wa mutum wannan don wani bututu ya lalace. Sai lokacin da likitansu ya sake buƙatar dubawa.

Na zauna da shugabar nas-nas muka tsara: bututai masu RNAlater, ruwan adana RNA ɗin, a cikin akwati a kan teburin aikin kansa, naman ya shiga ciki kai tsaye daga bakin almakashin, ya kwana a firji a digiri 4, washegari a kai firiza mai 80 ƙasa da sifili. Ni ma zan riƙa tsayawa a ɗakin duk ranar ɗaukar samfur.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Sabon tsarin ya yi. Na ranar Laraba da na yau duk sun shiga ruwan adanawa cikin minti ɗaya. Firamomi sun iso.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An fara karɓar samfurin bayan gida. Maza sun fi jin nauyin miƙo mini kwalbar, don haka wani abokin aiki ɗan Sudan, Bahaushen Mai Wurno da ke gaɓar kogin Nilu, ya karɓi wannan ɓangaren. Shi ya san yadda zai ce, "Baba, ajiye a nan, ba sai ka ba kowa a hannu ba."

Dalilin neman bayan gidan yana da tsawo, amma a nan rabin amsar take. Ƙaramin hanji hanya ce, abinci wucewa yake yi. Da aka mayar da shi ma'aji, kashi na zama a cikinsa na sa'o'i, bakteriya su ninku, fatar cikin kuma ta fara sauya kama. 'Yan yatsun da ke tsotse abinci su gajarce, ramukan da ke tsakaninsu su zurfafa, majinar da ke lulluɓe fatar ta koma irin ta babban hanji, mai ɗauke da sulfa. Akwai bakteriya masu cin sulfa su fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, an kuma fi samun su a jakar masu gyambon hanji a kan ta masu FAP. Wannan iska tana hana ƙwayoyin fatar hanji ƙona butiret, wato man da bakteriya nagari ke samarwa daga dusar abinci.

Sai maganar ruwan matsarmama. Hanta ce ke yin asid ɗinsa na asali, wasu bakteriya kuma su juya shi zuwa iri na biyu, irin su litokolik da diyoksikolik. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa waɗannan na biyun sun yi ƙaranci ainun a jakar masu gyambon hanji idan aka gwada da ta masu FAP, kuma dangin bakteriyar Ruminococcaceae da ke wannan aiki su ma sun ragu. Asid na biyun suna kwantar da kumburi ta wata ƙofa a jikin ƙwayoyin garkuwa da ake kira TGR5. A ganina wannan ya fi yawancin bayanan da na karanta gamsarwa, domin ya haɗa bakteriya da garkuwar jiki ta hanyar abin da za a iya aunawa. Kuɗina ba zai kai ga auna asid ɗin yanzu ba, amma ina daskarar da kaso daga kowane samfur.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Firiza ta ba mu tsoro. Na shigo da safe na tarar tana ƙara, allonta na nuna 41 ƙasa da sifili. Juma'a da Asabar hutu ne a nan, ba kowa a ginin, saƙon gargaɗin da ya kamata ya shiga wayoyinmu kuma bai shiga ba. Takardar da ke rubuta zafin ciki ta nuna tun daren Juma'a ya fara hawa a hankali. Injin sanyaya na biyu ne ya tsaya.

Muka kwashe kaya a guje zuwa firizar wani sashe a hawa na sama, cikin akwatunan soso da busasshiyar ƙanƙara da aka saya riyal ɗari da tamanin. Naman da ke cikin ruwan adanawa ban damu da shi sosai ba, yana jure fiye da haka. RNA ɗin da na riga na ciro shi ne abin fargaba, sai bayan gida, wanda in ya narke wasu bakteriya kan ci gaba da hayayyafa su ɓata lissafi. Na duba bututan ɗaya bayan ɗaya, duk a daskare suke kamar yadda na bar su. Na sake auna RNA uku daga ciki, ba su sauka ba. Alhamdu lillahi.

Daga yau kowane samfur kashi biyu zan raba shi, a firiza biyu, a hawa biyu. Mai gyara ya ce sai an yi odar kayan daga waje.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na cire mutum biyu daga lissafi. Ɗaya gwaji ya nuna yana da bakteriyar Clostridioides difficile, wadda ke kawo kumburi mai kama da namu sak alhali dalilinsa daban. Haka ake tace kumburin ɗan guntun dubura da ake bari a wurin ɗinki, da cutar Crohn (wani ciwon kumburin hanji na daban), da ƙwayar bairos ta CMV, kafin a ce wannan kumburin jaka ne.

Na biyun wani magidanci ne da ya ce bai sha komai ba. Da abokin aikina ya zauna da shi suna hira da Hausa, sai ya ce, "Ai ɗan Flagyl ne kawai, ƙanena ya zo da shi da ya zo Umara." Tun 2018 aka tsaurara dokar hana sayar da maganin kashe bakteriya ba takardar likita a Saudiyya, amma jakar baƙi ba ta san wannan ba. Bai ɗauke shi magani ba ne ma, abin zawo ne da kowa ke sha. Metronidazol (shi ne Flagyl) da siprofuloksasin kuwa su ne ainihin maganin kumburin jaka, mako biyu ake sha, kuma yawanci ana samun sauƙi. Wanda ya sha su kwana biyar kafin a ɗauki samfur, bakteriyarsa da kumburinsa duk ba yadda suke ba ne. Na sauya tambayar da ke takarda. Yanzu sunayen magungunan ake kira ɗaya-ɗaya, a kuma nuna hoton kwalin.

Talata, 18 ga Fabrairu

Farantin qPCR na farko, wato gwajin da ke ƙirga yawan saƙon kowace ƙwayar gado. Firamomin IL-8, da IL-1 beta, da TNF, da S100A8, da kilodin-2, da MUC2, ƙwayoyin gado masu alaƙa da kumburi da fatar hanji, duk sun ba da tsauni ɗaya a gwajin narkewa, alamar abu ɗaya kowanne ya kamo. Na onkostatin M ya ba da biyu, sai an sake tsara shi.

Matsalar tana wurin ma'auni. Ana gwada kowace ƙwayar gado da wata wadda ake zaton ba ta motsi, na kuma fara da GAPDH kamar kowa. A naman da ya kumbura sai ga shi yana fitowa da wuri fiye da na lafiyayye, wato ya fi yawa. Ba abin mamaki ba ne, domin ƙarancin iskar oksijin yana ɗaga shi, nama mai kumburi kuma a ƙishirwar oksijin yake. Idan ma'aunin kansa na hawa, zai rage girman duk abin da na auna. Na yi odar firamomin RPLP0 da TBP, riyal ɗari uku da wani abu, zan yi amfani da biyun tare.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Sakamakon farko ya fito da sabon ma'auni. A jakunkunan da suka kumbura, IL-8 da IL-1 beta da S100A8 sun yi sama ƙwarai, TNF ya ɗaga amma bai kai su ba, kilodin-2 shi ma ya hau. Duk sun dace da abin da aka sani. Bakteriya sun taɓa masu gadin fatar hanji, irin su TLR4 da TLR5 da NOD2, su kuma sun kunna NF-kappa B, makunnin kumburi a cikin ƙwayar, aka saki IL-8, fararen ƙwayoyin jini na nutrofil suka yi dafifi. S100A8 ɗin rabin kalfurotektin ne, alamar kumburin da muke aunawa a bayan gida, daga jikin nutrofil yake fitowa. Kilodin-2 kuwa yana buɗe 'yan kafofi tsakanin ƙwayoyin fata, ruwa da gishiri su yoyo cikin hanji.

Na kai wa Farfesa mai duba aikina da murnata. Ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta tambaye ni me ya gaya mini wanda madubin likita bai riga ya gaya mini ba. Gaskiya ta faɗa. Wanda ya iso wurin gobara ya tarar da masu ɗebo ruwa da masu ihu ya tabbatar da akwai wuta, amma bai san daga ɗakin da ta tashi ba. Naman da ya kumbura cike yake da nutrofil, dole saƙonsu ya danne na kowa.

Abin da ya tsaya mini a rai wasu samfura biyu ne daga jakunkunan da na'ura ta ce lafiyarsu lau, masu su ma ba su da ƙorafi, amma kilodin-2 da IL-1 beta nasu sun ɗan fi na sauran lafiyayyun. Biyu ba hujja ba ce, yana iya zama bambancin wurin da aka gutsuro. Sai dai tambayar da ta dace tana wurin: me ke faruwa a jakar da ta yi shiru, watanni kafin ta kumbura? An san wasu sun fi shiga haɗari, kamar masu ciwon toshewar hanyoyin matsarmama na PSC, da masu yawan wani sinadarin garkuwa mai suna pANCA a jini, da masu wasu sauye-sauye a ƙwayar gadon NOD2. Idan akwai alama a fatar jakar da ke riga kumburi zuwa, ita ce za ta amfani mara lafiya, don a sa masa ido tun kafin ya fara kwana a bayi.

Na yanke shawara, Farfesa ta amince: zan rage ƙarfi a kan gwada mai kumburi da mara kumburi, in koma bin mutum ɗaya tun daga ranar da za a rufe masa ƙofar ciki, wadda akan yi wata biyu zuwa uku bayan ɗinka jakar, sannan a wata na uku, na shida, da na goma sha biyu. Zai ja lokaci, kuma digirin nawa zai iya ƙarewa kafin a ga ƙarshensa. Duk da haka shi ne aikin da ya kamata a yi.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Hajiya ta dawo ganin likita. Ta daina diklofenak, ta sha siprofuloksasin, ta ji sauƙi, yana ƙarewa abin ya dawo. Wannan ba karonta na farko ba ne, don haka likita ya fara yi mata maganar vedolizumab. Ya nemi in fassara. Na ce mata ƙarin ruwa ne da ke tare hanyar da wasu fararen ƙwayoyin jini ke bi su shiga hanji. Yana rufe wani maƙalli a jikinsu, alfa-4 beta-7, wanda suke kama bangon jijiyoyin hanji da shi. A gwajin EARNEST da aka wallafa a 2023, mutum 102 masu daɗaɗɗen kumburin jaka aka raba biyu. A mako na 14, kashi 31 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin sun samu lafawar ciwon, a ɗaya ɓangaren kashi 10. Ban ɓoye mata lissafin ba. Ta ce, "To, 'yata, ɗaya cikin uku ai ba kaɗan ba ne. Allah ya sa ina ciki."

Ta tambayi azumi. Mai jaka ba shi da babban hanjin da ke tsotse ruwa, ƙishirwa na saurin kayar da shi, ga kumburi a kai. Likita ya ce bana ta dakata har a ga yadda maganin zai karɓe ta. Ba ta so ba, 'yarta ce ta lallashe ta.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar, an rage lokacin aiki. Na dakatar da karɓar bayan gida har bayan Sallah da mako biyu, domin sauyin lokacin cin abinci da irin abin da ake ci a buɗa-baki suna juya bakteriyar hanji, ba na son in cakuɗa wannan da ciwon. Nama kuwa za a ci gaba da ɗauka ga duk wanda likita ya buƙaci leƙawa, in rubuta a gefe ko yana azumi.

Ya zuwa yanzu ina da mutum goma sha huɗu masu samfur mai kyau, amma mai FAP ɗaya tak, kuma ba tare da su ba babu abin gwadawa. Farfesa ta rubuta wa wani asibiti a Riyad da ke bin iyalai masu wannan cuta, muna jiran amsa. In sun yarda, sai an tsara jigilar samfur cikin busasshiyar ƙanƙara da sabuwar takardar izini.

An kashe kimanin riyal dubu tara da ɗari biyar. Abin da ya rage zai ishi kwalin RNA ɗaya da karanta 16S, gwajin gano ire-iren bakteriya, na samfurin bayan gida talatin, ban da asid ɗin matsarmama. A watan nan zan rubuta gyaran tsarin bincike in miƙa wa kwamitin ɗa'a, in sake tsara firamomin onkostatin M, in kuma zauna da likitocin tiyata mu fitar da jerin waɗanda za a rufe wa ƙofar ciki a watan Shawwal. Sun ce mutum uku ne a layi.